Amsa: Famfon giya yana rasa ƙarfi idan mai ya yi zafi

Malam, ka ce famfon giyan injinku a Apapa, wato famfon da ke tura mai da giya biyu masu haƙora, yana rasa ƙarfi da zarar mai ya ɗau zafi. Yoyon ciki ne: man ya tsinke yana komawa baya.

Kwance shi, wanke da kananzir. Fara da cikin gidan famfon, ɓangaren da mai ke shiga, nan haƙoran suke ci. Auna zurfin cin. In ya wuce milimita 0.18, canza gidan. Farantin da ke gefen giyan kuwa iyakar cinsa milimita 0.05, amma duba littafin kamfanin. Ja farce a wuyan shaf, wato sandar giyan, in ya maƙale, har bushin da shaf ke juyawa a ciki ya lalace. Giya biyun tare ake canzawa, ko ka samu ɗaya da araha a kasuwar kayan gyara ta Ladipo. In ka ga ƙananan ramuka kamar cin gara, famfon iska yake sha ko matacin ya toshe.