Tafasa ruwa ba ya fitar da PFAS

Hajiya, kin tambaya ko tafasa ruwan rijiya da jefa masa alif, kamar yadda muka saba a Garwa, zai fitar da sinadaran PFAS, waɗanda masana'antu ke haɗawa kuma suke gurɓata ruwa. Ba zai fitar da su ba. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, alif kuma laka yake kwantarwa a gindin randa, amma waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa, shi ya sa idan ruwa ya ragu a tukunya sai su ƙara taruwa a ragowar.

Ana amfani da su wajen haɗa tukwanen da abinci ba ya kamawa da kumfar kashe gobara. A garin Parkersburg na Amurka, masana'antar DuPont ta gurɓata ruwan sha da nau'in PFOA, wanda bincike ya alaƙanta da kansar ƙoda, har a 2017 ita da Chemours, kamfanin da ya fita daga cikinta, suka amince su biya diyyar dala miliyan 671.

Matatar gawayi na musamman, ba gawayin kurfoti ba, tana rage su sosai muddin ana canja ta a kan kari. A ganina, idan rijiyarku tana kusa da juji ko filin jirgi, inda ake amfani da waccan kumfar kashe gobara, a kai ruwan awo tukuna.