Sabon karena ya ƙi sakin jiki

Tambaya: Salam Malam, don Allah a ba ni shawara. Kwana uku kenan da na karɓo kare, ban taɓa kiwo ba, tunda ya zo ya maƙale a lungu baya cin abinci sosai, da daddare kuma sai kuka. Ko ba shi da lafiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, yawanci baƙunta ce. Ka ware masa wuri mara hayaniya da ruwa da shimfiɗa, kar ka riƙa jawo shi da ƙarfi ko ka tara masa 'yan kallo, ƙyale shi da kansa zai zo ya shinshine ka. Tambayi inda ka karɓo shi me suke ba shi ka ci gaba da wannan, in canjawa za ka yi to a hankali cikin kamar kwana 7, in ba haka ba gudawa zai yi, kai kuma ka sha aikin wanki. Cakulan, albasa da inibi guba ne gare shi.

Ka kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa rigakafin ciwon hauka, daga kare ya kai wata 3 da haihuwa ake fara ta. Amma in yana amai ko ya daina shan ruwa, yau za ka kai shi.