Dutsen iyaka yana tsakiyar gonar wani, yaya zan kai gare shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, ba nisa da iyakarta da Pennsylvania. Na ji labarin duwatsun da aka kafa a kan iyakar tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai, har na ga guda biyu a bakin titi. Ina so in bi sauran in ɗauke su hoto, amma taswirar waya tana nuna mini su a tsakiyar gonaki da daji. Sau biyu ina zuwa in yi ta zagaye in dawo ban ga komai ba. Yaya ake gano ainihin inda suke? Kuma tunda kayan gwamnati ne, ba ni da 'yancin shiga in gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da ta biyun, don ita ce mai iya haɗa ka da ɗan sanda. A'a, ba ka da wannan 'yancin. Dutsen dai doka tana kare shi, ko mai gonar ba shi da ikon tumɓuke shi, amma ƙasar da za ka taka kafin ka isa gare shi ta mutum ce. Akwai ƙasashe irin su Sweden da Scotland da suka bar wa mai tafiya a ƙafa damar ratsa filin wani muddin bai yi ɓarna ba. Amurka ba ta cikinsu. Mu 'yan safiyo wasu jihohi sun ba mu damar shiga idan aiki ya kai mu, ita ma da sharuɗɗa, kuma ba ta shafi mai yawon buɗe ido ba. In ka tsallake shinge ba izini, sunan abin da ka yi kutse, ko da kyamara kawai ke hannunka.

Kuma ba lallai ka ga allo a rubuce ba. Tun 2020, a mafi yawan Pennsylvania, fentin shunayya da aka shafa a tsaye jikin bishiya ko turke daidai yake da allon hana shiga. A ɓangaren Maryland shuɗin fenti za ka fi cin karo da shi. Baƙo sai ya ɗauka alamar masu saran itace ce ya wuce abinsa.

To, ga abin da kake nema. Charles Mason da Jeremiah Dixon, masu awo daga Ingila, su ne suka auna layin wannan iyaka daga 1763 zuwa 1767, don raba rigimar ƙasa tsakanin gidan Penn masu Pennsylvania da gidan Calvert masu Maryland. Daga Ingila aka sassaƙo duwatsun aka kawo su ta jirgin ruwa. Kowane mil ɗaya aka kafa dutse, fuskar arewa da harafin P, ta kudu da M. A kowane mil na biyar kuma aka kafa wanda ke ɗauke da tambarin gidajen biyu maimakon haruffa, su ne masu ɗaukar hoto suka fi bi. Faɗin dutse kusan ƙafa ɗaya ne, kuma rabinsa ko fiye yana binne, wani ma ƙasa da ruɓaɓɓen ganye sun kusa haɗiye shi. Sanin tazarar nan ta mil ɗaya zai taimake ka: tunda ka ga biyu a bakin titi, ka riga ka san kusan inda maƙwabtansu suke, gabas da yamma.

Sai dai kada ka ɗauka haka abin yake har ƙarshen layi. Daga tudun Sideling Hill zuwa yamma amalanken dakon duwatsun sun kasa hawa, sai ma'aunan suka koma tara tsibin duwatsu da ƙasa. Da aka sake bin layin a farkon shekarun 1900 ne aka cike giɓi da dama, wasu da ragowar duwatsun asali da aka samo mutane sun mayar da su dokin ƙofa da matakala. Saboda haka dutsen da ka gani yana iya zama na asali amma ba Mason da Dixon suka kafa shi a wurin ba.

Dalilin da ya sa ka yi ta zagaye kuwa, ina zargin abu biyu. Layin iyaka da ke taswirar waya zane ne na nuni kawai, ba don awo aka yi shi ba. Na biyu shi ne wanda ya taɓa cin mini rabin yini ina sabon shiga aiki. Na kwafi lambobin wuri daga tsohuwar taswira na zuba a na'urar GPS, na je na yi ta tonon ganye a gindin wata bishiya, ashe dutsen yana can bayana, tsallaken wani ɗan kwari, yana kallona. Tsofaffin taswirorin Amurka an gina su a kan tushen awo na 1927, wanda ake kira NAD27, wayarka kuma tana aiki da wani tushen daban, WGS84. Bambancin yakan kai mita gommai. A fili ba komai ba ne, amma a cikin sarƙaƙiya mita talatin tamkar wani gari ne. Ka duba gefen taswirar daga ƙasa, an rubuta tushen awonta, sai ka juya lambobin kafin ka fita. Ita kanta wayar kuskurenta yakan kai mita biyar a sarari, ya fi haka a ƙarƙashin bishiyoyi.

Saboda haka neman yana farawa ne a kan tebur. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta sa taswirorinta na yanayin ƙasa a intanet kyauta, har da tsofaffi, kuma masu ma'aunin 1:24,000 sukan nuna dutsen iyaka da ɗan ƙaramin murabba'i a kan layin, sau da yawa da lambarsa. Bayan su sai rumbun bayanan National Geodetic Survey, hukumar gwamnati mai ajiye bayanan alamomin awon ƙasa. Ba kowane dutse ke ciki ba, amma wanda ke ciki za ka sami takardarsa, kuma ni a wurina wannan takarda ta fi komai daɗin karatu. Wanda ya ziyarci dutsen a wata shekara ya rubuta yadda ake zuwa: daga mahaɗar hanya kaza ka yi mil kaza, ka shiga hanyar gona, dutsen yana ƙafa kaza daga kusurwar shinge. Wanda ya zo bayansa ya ƙara nasa, ko ya same shi lafiya ko bai same shi ba. Ka lura da shekarar rahoton ƙarshe. Bishiyar da aka kwatanta da ita a 1935 wataƙila tuni ta zama gungume. Akwai kuma ƙungiyar Mason and Dixon Line Preservation Partnership, yawancinsu 'yan safiyo ne 'yan sa-kai da suka bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, da ƙungiyoyin tarihi na gundumomi. Matambayi ba ya ɓata, kuma su ne suka san wane mai gona ke maraba da baƙi.

In ka sami wurin a takarda, sai ka buɗe taswirar filaye ta gundumar, wadda ofishin harajin ƙasa ke ajiyewa. Za ta nuna maka ko fili na gwamnati ne, ko gefen titi ne, ko na mutum, da adireshin da ake aika masa takardar haraji. Ka duba gundumomin ɓangarorin biyu. Dutsen a kan layi yake, don haka sau da yawa yana da maƙwabta biyu, wanda ya hana ka ta arewa wani ya bar ka ta kudu. Ka fara da waɗanda ke bakin hanya da filayen gwamnati, idonka ya saba da kamanninsu tukuna.

Neman izinin kansa na fi son a yi shi da wasiƙa gajeriya: sunanka, lambar wayarka, wane dutse, minti nawa za ka yi, ku nawa ne. In za ka je da kanka, ka je da rana tsaka, ka ajiye mota inda ake ganinta, ka nufi ƙofar gaba, taswirar a buɗe a hannunka. Ka faɗa tun farko cewa ba batun rigimar iyaka ya kawo ka ba, domin manomi da ya ga baƙo da taswira abin da ke fara zuwa ransa ke nan. Ka tambaye shi ta ina yake so ka bi. Yawancinsu suna alfahari da dutsen, wani ma zai ɗauke ka a motarsa ya kai ka, ya ba ka labarin yadda kakansa ya riƙa kauce masa da garma. Wanda ya ce a'a kuma ka yi godiya ka juya, kada ka zagaya ta baya. Kuma wanda ke noma gonar ba lallai shi ne mai ita ba, haya ta yi yawa a wannan yanki, sai ka nemi yardar duka biyun.

Lokacin zuwa mafi kyau daga ƙarshen hunturu ne zuwa kafin ganye ya tsiro, an girbe masara, ciyawa ta kwanta. Ka kauce wa makonnin farautar barewa da bindiga, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Disamba. Ka sa dogon wando ka cusa shi cikin safa saboda kaska, don yankin nan cutar Lyme ta yi katutu a cikinsa.

Da ka isa, hannunka kawai ya isa share ganye. Kada ka goge dutsen da burushin ƙarfe, kada ka cika harafin da alli don ya fito a hoto. Dutse ne mai taushi, kuma masu gutsurar tsaraba sun riga sun cinye kusurwoyin da yawa. Ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da fuskar dutsen, za ka ga inuwa ta zauna cikin harafin P ɗin da ka ɗauka ya shafe.

In ka same shi a karkace ko a kwance, kada ka miƙar da shi. A shari'ar iyaka, inda aka kafa dutse aka kuma amince da shi, nan ce iyaka, ko da lissafi ya nuna an yi kuskure. Awon 1818 ya ajiye iyakar jihohin Georgia da Tennessee kusan mil ɗaya kudu da layin digiri 35 na arewa da aka nufa, Georgia ta yi ta ƙorafi saboda ruwan kogin Tennessee da ta rasa, layin kuma yana nan inda yake. A 2021 an tarar da wani dutsen 1819 na iyakar Beljiyam da Faransa an matsar da shi mita biyu da 'yan kai, aka ce manomi ne ya kawar da shi don ya tare wa taraktarsa hanya, sai ga maganar a jaridun duniya. Kai dai ka ɗauki hotonsa ta fuska huɗu yadda ka same shi, ka rubuta rana da lambobin wuri, ka aika wa hukumar binciken ƙasa ta jihar, Maryland Geological Survey. Kwafi ɗaya kuma ka kai wa mai gonar.