Maigidana ya daina magana tun da aka fara yi masa wankin ƙoda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, kuma wata takwas ke nan ana yi masa wankin ƙoda. A da mutum ne mai raha, amma yanzu sai ya wuni kwance a kan tabarma yana kallon bango, ba ya barci da dare, ’yan dubiya ma ya ce a daina shigo masa da su. Danginsa sun ce ƙarancin tawakkali ne, wasu kuma sun ce sammu ne. Me zan yi?
Daga wata uwargida, unguwar Birni, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon damuwa, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 na masu wankin ƙoda, kuma yana samun mai ibada kamar yadda hawan jini ke samunsa.

Wani ɓangare na abin daga jiki yake. Ƙodar da ta gaza ba ta samar da isasshen sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, sai ƙarancin jini ya kawo kasala. Dattin da ke taruwa a jini kuma yana haddasa ƙaiƙayi da rashin barci. Ki haɗa wannan da zaman kusan awa 4 jikin na’ura sau 2 ko 3 a mako, da ƙayyade masa ruwan sha a zafin Afrilu na Damagaram, lokacin da kowa ke kai moɗa randa shi kuwa ana auna masa a kofi. Mafi ciwo, a ganina, shi ne mutumin da ya saba ba da cefane ya wayi gari ana karo-karo dominsa.

Ranar wankin da ke tafe ki raka shi, ki gaya wa likitan ƙoda duk abin da kika rubuto mana, domin ya duba jininsa, ya kuma haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa idan da bukata. Kada ki sayo masa maganin barci ko tiramadol a hannun masu talla, haka ma jiƙe-jiƙe da kanwa, saboda ƙodarsa ba za ta iya fitar da su yadda ya kamata ba. Addu’a kuwa ba ta hana zuwa asibiti.

A gida, ki riƙa neman shawararsa kan lissafin shago da karatun yara, kuma maimakon taron ’yan dubiya a bar amininsa ɗaya ya riƙa zuwa bayan la’asar. Idan ya fara ƙin zuwa wanki, ko ya ce mutuwa ta fi masa, kada ki jira ranar da aka ba ku; ki kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.