Radar a titin jirgin sama: asarar kuɗi ce?

Malam, ka tambaya ko radar, na'urar da ke lura da motsin jirage a titin filin jirgin sama, ta cancanci kuɗinta, tunda ba kasafai ake karo ba. Wallahi ta cancanta. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Ma'aikatan hasumiyar kula da jirage ba sa ganin komai, filin kuma ba radar. A filin jirgin Linate na birnin Milan a Italiya, 2001, an rasa mutum 118 a irin wannan karo, alhali an sayi sabuwar radar ba a kafa ba.

Tana da tsada, ga kuɗin gyara kullum. Ƙaramin fili mai jirgi biyu a yini, fitilu da fentin alamun titi da horar da ma'aikata sun fi masa amfani. Amma fili mai cunkoso, ko inda hazo ke rufe ido kamar Kano da hunturu, a saka ta.