Amsoshin tambayoyinku: Inji na cewa 37.5, ƙwai na cewa ƙarya ne

Tun da hunturu ya kama, kusan duk saƙon da ya shigo mini maganar injin ƙyanƙyasa ce. Zan fara da wanda ya fi taɓa mini zuciya, daga wata uwargida a wani ƙauye kusa da Ringim:

"Assalamu alaikum Malam. Adashina na kwasa na sayi inji mai cin ƙwai sittin. Zubi biyu ke nan, na tsakiya suna fashewa tun kwana 19 ko 20, 'yan tsakin ba ƙwari, wasu ma cibiyarsu ba ta rufe ba. Na gefe kuwa sai kwana 23, rabinsu baragurbi. Alhali lambar da ke jikin injin ba ta taɓa barin 37.5 ba. A gida har an fara cewa hannuna ne ba shi da sa'a. Ko in sayar da shi in huta?"

Wa'alaikumussalam. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa ƙalau. Macen da ta lura har ta gane na tsakiya da na gefe ba rana ɗaya suke fashewa ba, ai ta gama rabin aikin da zan yi mata. Ƙwan kaza kwana 21 ne. In ya fashe da wuri, zafi ya yi masa yawa; in ya makara, sanyi ya taɓa shi. Ke kin ga duka biyun a akwati ɗaya, wato zafin tsakiyar injinki ya yi yawa, na kusurwoyinsa kuma bai kai ba.

Digiri 37.5 shi ne zafin da ƙwai ke so, amma ita wannan lamba da kike kallo, ba zafin ƙwanki take faɗa miki ba. Akwai wata 'yar waya mai kai kamar ƙwayar gero ko ta wake a cikin injin, ita ce ke jin zafi, kuma zafin daidai inda take kaɗai take ji. In tana rataye can sama kusa da abin da ke dumama injin, ko ta jingina da bango, to labarin wurin take ba ki. Fara dubawa: ya kamata kanta ya sauko daidai saman ƙwai, kada ta taɓa ƙarfe ko bango.

Kada ki sayar. Ga abin da za ki yi kafin zubi na uku. Ki aika kyamis a sayo miki ma'aunin zafin jiki, irin wanda ake sa wa yaro a hammata. Ki fara gwada shi a ƙarƙashin harshenki ranar da kike lafiya. In ya nuna kusa da 37, to mai gaskiya ne. Ki kunna injin ba ƙwai ko ɗaya, da ruwansa a faranti kamar yadda aka saba, ya kwana ya wuni. Sannan ki ajiye ma'aunin a tsakiya, daidai tsayin saman ƙwai, ki rufe, ki ba shi kamar rabin awa. Ki karanta, ki rubuta, ki yarfe shi ya sauka, ki mayar da shi kusurwa. Haka har kusurwa huɗu. Na gilashin nan ba ya sauka da kansa, zafi mafi yawa da ya ji shi yake riƙewa, kuma shi muke nema. Ki yi hankali da shi dai kada ya fashe, abin da ke cikinsa guba ne. Ki yi gwajin sau biyu, da asuba da kuma bayan azahar, domin a hunturun nan darenmu kan sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma ta ɗaga.

In bambancin bai wuce rabin digiri ba, injin ba shi da laifi. In ya kai digiri ɗaya ko ya haura, sai a shiga gyara, kuma yawancin gyaran ba ya cin ko sisi. Ki duba fanka tana juyawa kuwa? Ƙurar hunturu da gashin 'yan tsakin zubin baya suna toshe ta, ta riƙa gurnani ba iska. Ki duba bakin murfi, in yana shan iska ki liƙa masa tsumma. Ki ɗauke injin daga bakin taga da ƙofa, ki ɗora shi a kan benci, ba a kan siminti mai sanyi ba, kada kuma ya manne da bango. Ki cika robobin ruwa biyu ko uku ki rufe bakinsu ki sa a kusurwoyin da ba ƙwai. Ruwa yana riƙe zafi, yana hana shi hawa da sauka da sauri. Sannan kullum, daga ranar farko zuwa rana ta 18, ki riƙa musanya musu wuri, na gefe su dawo tsakiya, na tsakiya su koma gefe. Ki yi musu alama da fensir don kada ki rikice. Ba sabon abu ba ne wannan. Ki zauna ki kalli kazar da ke kwanci, za ki ga tana jawo na baki-baki da bakinta tana tura su ƙarƙashin ƙirji.

Abu ɗaya da mutane ba su sani ba: daga mako na biyu ɗan tsakon da ke cikin ƙwai shi ma zafi yake fitarwa, kuma yana ƙaruwa har ranar fashewa. Shi ya sa injin da aka cika maƙil tsakiyarsa take ƙara zafi a makon ƙarshe. An ce miki yana cin sittin, ki zuba arba'in tukuna. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Yanzu bari in juyo kan wanda ya ɗaga mini hankali, wani matashi daga Gezawa:

"Baba, na ga inji mai cin ƙwai 500 a Facebook, rabin kuɗin na shago. Mai shi ya ce kashi ɗari bisa ɗari yake ƙyanƙyashewa. Na riga na yi cinikin ƙwan kajin Noiler da zai cika shi. In tura kuɗin?"

Kada ka tura. Ɗana, ko kazar da Allah ya halitta don wannan aikin tana tashi ta bar baragurbi, sai akwatin da aka haɗa a bayan shago ne ba zai bari ba? Duk wanda ya ce maka ɗari bisa ɗari, to ko bai taɓa ƙyanƙyasa ba, ko kuwa ya ga kai ba ka taɓa ba.

Ni ma an yi mini, shi ya sa nake zafi a kan maganar nan. Shekarun baya na sayi wani a hannun wani bawan Allah, fenti sai ƙyalli, lamba ja tana walƙiya 37.5 dare da rana kamar an kafa ta da ƙusa. Ranar da ya iso ranar na cika shi, don ɗoki. Kwana 21 ta zo ta wuce, ɗaki tsit. Da na fasa ƙwan na tarar da 'yan tsaki sun mutu tun suna ƙanana. Sai a lokacin na sa ma'aunin kyamis, ya haura 40. Abin da ya fi ba ni haushi ba asarar ba ce, a'a, ma'aunin da zai cece ni bai kai kuɗin ƙwai goma daga cikin waɗanda na dafa ba.

Ku fahimci yadda ake yin abin. Jiki ake ƙawatawa, domin shi mai saye ke gani. Abin da ke kunna zafi ya kashe shi, wanda shi ne ran injin, nan ake sa mafi araha. Fanka ɗaya ƙarama, irin ta cikin kwamfuta, a ce ita za ta zagaya iska a hawa biyar. Bango falle ɗaya ba abin riƙe zafi a tsakani, da sanyin asuba ya buga sai ƙwan gefe su ji a jikinsu. Haka ƙananan ma'aunan nan masu batir da ake zubawa a faranti a kasuwa: ka sayi uku ka jera su wuri ɗaya, sau da yawa kowanne da tasa lambar. Ga shi tsakanin zafin da ke raya ƙwai da wanda ke kashe shi tazarar ba ta wuce digiri biyu zuwa uku ba.

Ban ce kada a sayi haɗin gida ba. Akwai masu haɗawa da tsohon firji ko katako, aikinsu ya fi na kwali nesa ba kusa ba, kuma in ya lalace ka san ƙofar da za ka buga. Amma da na gida da na waje sharaɗina ɗaya ne: ka je da ƙafarka, da ma'auninka a aljihu, a kunna maka, ka auna kowane hawa. Ka tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Sabon Gari. Ka ce a haɗa ka da mutum biyu da suka saya bara. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya fara cewa "ai akwai wani Alhaji da ke jiran sa", ka bar wa Alhajin. Kuma ko ka sayi nagari, zubin farko na gwaji ne, da ƙwan kajin gida ashirin ko talatin. Mutum bai taɓa riƙe inji ba, ya fara da ƙwai 500 na kuɗi, ina za ka kai 'yan tsakin ma in sun fito? Ka tanadi ɗakin dumama su? Abinci fa, da rigakafi? Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani daga Gumel ya ce ya sayi kiret biyu a wajen mai shayi ya zuba, yau kwana 25 shiru.

Malam, ƙwan gidan gona na ci ne. Kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba. Ko shekara za ka yi kana jira, wari kaɗai za ka samu. Ka fitar da su tun ba su fashe maka a ciki ba, ka wanke injin.

Wani kuma yana tambaya wai in ya ƙara zafi kaɗan mata za su fi yawa. A'a. Mace ko namiji an gama wannan tun kafin kaza ta saka ƙwan. Matattu ne za su fi yawa.

Wata baiwar Allah daga wajen Kazaure ta rubuto cikin tashin hankali: an ɗauke wuta tun isha'i har gari ya waye, ƙwanta na kwana 12, ta taɓa ta ji sun yi sanyi, ta kwana tana kuka.

Hajiya, share hawayenki, kada ki zubar da ko ɗaya. Ƙwai ya fi jure sanyi a kan zafi, nesa ma. Sanyin dare ɗaya yakan jinkirta fashewa ne, ya kai ki kwana 22 ko 23, wasu kaɗan su mutu, amma ba kasafai yake kwashe duka ba. Ki bar su su ci gaba. Bayan kwana uku ki shiga ɗaki mai duhu ki haska kowanne da tocila ta wajen kan mai faɗi. Mai rai za ki ga jijiyoyin jini da duhu, wani lokaci har motsi. Nan gaba in an ɗauke, kada ki buɗe murfi kina leƙawa. Ki lulluɓe injin da bargo amma ki bar 'yan ƙofofin iskar nan a buɗe, domin ɗan tsako ta jikin ɓawo yake numfashi. In abin ya yi tsawo, ki zuba ruwan ɗumi a roba, ki naɗe da tsumma ki sa a ciki, ba tare da ya taɓa ƙwai ba. Abin da na hana shi ne kaskon gawayi. Na san a nan hankalin kowa ke fara zuwa, amma ba ki da linzamin zafinsa, ga hayaƙi. In kina da hali, kuma injinki irin mai karɓar batir ne, batirin mota da ɗan faifan sola sun fi miki ƙarin kiret ɗin ƙwai amfani. Kuma da zarar wuta ta dawo kada ki murɗa zafi sama wai don a rama abin da ya wuce. Ba a rama shi.

Tun da muna maganar yanayi, in ja kunnen masu shirin zubi a bazara. Injin nan dumamawa kaɗai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Afrilu, ɗakin kwano a Hadeja ko Maigatari da rana tsaka yakan wuce zafin da ƙwai ke so; injin zai kashe kansa, amma zafin ɗakin ya ishe shi ya yi ɓarna. Ku kai shi ɗakin ƙasa mai rufin azara, ku rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki, ya haƙura sai ruwa ya sauka. Ƙwan da za a zuba ma a lokacin, kada ya wuce mako ɗaya a ajiye, gara ma kwana uku ko huɗu, a wuri mai sanyi kamar gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa.

Na ƙarshe wani dattijo ne daga Ɗambatta. Ya ce zabinsa kan saka ƙwai da damina, yakan tara kamar ashirin, yana so ya san wane inji zai saya, kuma ko zai iya haɗa su da na kaza.

Haɗawa tana yiwuwa, zafinsu ɗaya ne. Sai dai na zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, don haka a riga zuba shi da mako guda, su zo su fashe tare, domin kwana ukun ƙarshe ana daina juyi a ƙara danshi, kuma ba ka so wannan ya sami wani rukuni tun lokacinsa bai yi ba. Agwagwar gida kuwa kwana 35 ce, a ware mata nata zubin.

Amma Baba, ƙwai ashirin a shekara ba na sayen inji ba ne. Ka nemi kaji biyu masu kwanci a cikin gidanka ko na maƙwabta, ka raba musu goma-goma, ka sa musu da daddare. Ba ruwansu da wuta, ba ruwansu da ma'auni, kuma in sun ƙyanƙyashe su ne za su yi maka renon, su yi maka faɗa da shirwa. Kuɗin injin ka sayi waya ka kewaye akurkin saboda muzuru.