Ciwon agara da atisayen Pilates: yadda muka kwashe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da jiki. Ka ce wata huɗu ke nan agararka na ciwo tun da ka koma buga ƙwallo, an kuma ce ka gwada Pilates, kana tambaya ko zai warkar. Ni ma na sha wannan ciwon a ƙafar dama.

In na tashi sallar Asuba, takun farko sai ka rantse ƙusa na taka, sai na ɗingisa har inda buta take kafin ƙafar ta saki. Mai ɗori ya murza ya ɗaure, a banza, don ba karaya ba ce, ba targaɗe ba. Na huta wata guda cur, ina komawa fili na tarar da ciwon yana jirana.

Wata likitar fisiyo, wato masu gyaran jiki ta hanyar atisaye, ce ta ganar da ni. Agara jijiya ce, ba tsoka ba, jini kaɗan ke ratsa ta, shi ya sa take nawar warkewa, kuma zaman hutu raunana ta yake yi. Nauyi take so, amma sannu a hankali. Sai ta ɗora ni kan tsarin da likitan Suwidin, Alfredson, ya fitar a 1998. Ka tsaya da yatsu a bakin matakala, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka sauke dunduniyar mai ciwon ita kaɗai, kamar ba ka so. Sau 15 har zagaye uku gwiwa a miƙe, haka kuma gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. Ni a dakalin ƙofar gida nake yi, yaran unguwa suna ta ƙirga min.

To ina Pilates ya shigo? Bajamushe Joseph Pilates ne ya ƙirƙiro shi, daga baya ya buɗe wurin horo a New York inda 'yan rawa masu rauni ke zuwa. Aikinsa ƙarfafa ciki, baya da ƙugu ne, tare da daidaita numfashi. Ranar da likitar fisiyon ta tsayar da ni da ƙafa ɗaya gaban madubi na ga abin kunya: ƙuguna ya karkace, gwiwa ta faɗa ciki, duk lodin ya koma kan agara. Wannan matsalar ce Pilates ya gyara min, musamman kwanciya rigingine kana ɗaga ƙugu sama. Amma a kan tabarma kaɗai agara ba ta samun nauyin da zai gina ta. Ka haɗa biyun.

Ka kuma kiyayi allurar sitiroyid a wurin, tana iya jawo tsinkewar jijiya. Haka ciprofloxacin da muke sha don taifod, ka sanar da likita kana da ciwon agara kafin ya rubuta maka. In kuwa ka taɓa jin ƙas! kamar an harbe ka ta baya, ka kasa ɗage dunduniya, ajiye atisaye ka nufi asibiti yau.